Abin da Na Shuka a Gidan Ngaundere

Garwa, ranar Lahadi bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Bello, ya sa kun hau dutsen nan na kan hanya kun sauka Ngaundere ba ko ciwon kai. Allah ya tsare ku a gidan da kuka shiga, ya tsare ki a makarantar da aka tura ki koyarwa, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan ƙannenki za su ba ki ta waya. Ranar da muka raka ku tasha, kina cikin mota kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, tsakar gidan nan da ka ce tana da faɗi, me zan shuka a ciki?" Na ce ki shuka abin da ya sawwaƙa. Na ga amsar ba ta yi miki daɗi ba. Gaskiya tambayar ta fi ƙarfin bakin tasha, ga dangin mijinki a tsaye, ga direba yana gaggawa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shuka a gidan nan, kuma yawancin abin da na sani game da ƙasar can sai da na kashe wani abu kafin in san shi. Kina 'yar shekara takwas muka taso, abin da za ki tuna kaɗan ne. Shi ya sa na zauna in rubuta miki. Hannuna ya yi nauyi yanzu, ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san ni ɗan zafi ne. A nan Garwa aka haife ni. Kakanmu ne ya zo daga Kano da fatauci ya zauna, mahaifina kuma yana da lambun albasa a bakin Binuwai, can na koyi riƙe fartanya kafin in koyi tuƙi. Da na zama direban kamiyo, wato babbar motar kaya, aikina ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere in kai Marwa da Kuseri. Mai motocin ya ce direbobinsa su zauna kusa da tasha, shi ya sa na sayi filin nan, na gina ɗaki biyu da madafa, na ɗauko Innarki, Allah ya ji ƙanta, tana amarya. Mun isa ana gab da damina. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da safe sai na nemi bargo. Sai kuma jar ƙasar nan mai laushi, wadda fartanya ke shiga ba gardama. Na ce a raina, wanda ya yi noma a zafin Garwa, wannan wurin wasa ne a gare shi.

Sai na yi abin da na gada. Na haƙa fangali masu zurfi irin na lambun mahaifina, waɗanda ake yi don ruwa ya kwanta kada ya gudu. Na dasa albasa da tumatir, na binne ƙwayar kankana. In dai ina gari, safe da yamma sai na ba su ruwa, don a Garwa wanda ya tsallake yamma ɗaya ya yi asara. Ban san ruwan can idan ya fara sai ya yi wata bakwai bai sallama ba. Na tafi Kuseri na yi kwana tara. Da na dawo, fangalin sun zama kududdufi, albasa ta narke tana wari, tumatir ya yi baƙi tun daga tushe.

Ina tsaye ina kallo sai na ji gyaran murya ta bayan danga. Maƙwabcinmu ne na gabas, Malam Hamadu, dattijo ɗan asalin garin. Da magini ne, da ƙarfi ya ragu sai ya koma lambu shi da matarsa Dada Asta. Hausarsa a gauraye take da Fillanci, amma ana gane shi sarai. Ya ce, "Direba, sannu da hanya. Tun ranar da kake haƙa ramukan nan na so in yi magana, sai na ga ba mu saba ba. Ku can kuna lallashin ruwa ya zauna. Mu nan hanya muke ba shi ya wuce." Ya zagayo da fartanyarsa, ya ja kunya ɗaya mai tsayi har kusan gwiwa, ya fitar da magudana a gefenta, ya ce in yi sauran haka. Ya ce albasa da tumatir da salat in bari sai ruwa ya ɗauke, damina kuwa ta masara ce da dankali da wake da kabewa da ganyen miya.

Don haka, Uwani, shekarar farko kada ki yi gaggawa. Ki bar damina ɗaya ta wuce kina kallon inda ruwa ke taruwa a tsakar gidan da inda yake bi ya fita, da inda rana ke daɗewa da inda inuwa ke riga ta. Idan kin je gaishe-gaishe a unguwa, ki riƙa duba abin da ya yi kyau a gidajen tsofaffin mata, waɗanda ba su da kuɗin sayen magani ko takin zamani. Abin da ya rayu a hannunsu zai rayu a hannunki. Ki tambaye su ba tare da kunya ba. Kina da takardar makaranta, amma ƙasar can ba ta san da ita ba, kamar yadda ba ta san da lambun mahaifina ba. Duk abin da za ki shuka da damina, ki ɗaga masa kunya. Kuma ki sa yatsa cikin ƙasa kafin ki ɗauki bokiti. A can shukar da yawan ruwa ya kashe ta fi wadda ƙishi ya kashe.

Da na fara samun kan abin, sai wani ciwon ya kama ni, ciwon kwaɗayin iri. Direba yana ganin ƙasashe, kuma ni duk inda na ga itace ya yi kyau sai na so in kai shi gida. Na ɗauko 'ya'yan dabino daga Kuseri, na ɗauko wani inabi daga hannun wani mutumin Mokolo, na ɗauko irin gero daga hanyar Maga. Dabinon ya fito, ya yi ganye, ya yi tsayi, bai taɓa ba mu ko ƙwaya ɗaya ba, don shi bushewa yake so da zafi mai ƙuna, can kuwa babu. Inabin ya yi fure, ruwa ya lalata shi shekara uku a jere har na gaji. Waɗannan asarar ƙarfina ce kawai, ban cuci kowa ba. Wadda ta yi mini ciwo ita ce ta ayaba.

Dada Asta ta ba Innarki 'ya'yan ayaba huɗu tun zuwanmu, ta dasa su bayan makewayi inda ruwan wanka ke bi, suka yi kyau ƙwarai, har muna aika wa dangi a Garwa. Sai wata rana a tashar jirgi na ga wani ya sauko da 'ya'yan ayaba daga kudu, ya ce nasa nunu ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka. Na karɓi uku da ƙasarsu a jiki, ban kakkaɓe ba, ban duba ba, na dasa su a tsakiyar na Innarki. Ashe akwai tsutsa a cikin gindinsu. Kafin shekara ta zagayo ganye ya fara rawaya, iska kaɗan sai uwar ta kife. Da Malam Hamadu ya sa adda ya tsaga gindin ɗaya, cikin duk ramuka ne baƙaƙe. Ya ce sai an tone duka an ƙone, kuma kada a sake dasa ayaba a wurin sai an daɗe. Innarki ce ta riƙe mini kwando muna kwashewa. Da muka gama sai ta ce, "Malam, ai namu ma suna ƙosar da mu."

Haka kuma mangwaro. Wani mai sayar da dashe a bakin hanya, wajen gangaren dutse, ya rantse mini nasa mai aure ne. Na saya na dasa a tsakiyar gida, na yi masa shinge, na yi shekara shida ina jira. Da ya yi 'ya'ya, ƙanana ne, duk zare, ga tsami. Mutumin kuwa ban san sunansa ba balle garinsu.

Ki riƙe wannan. Dashen itace ba sayen tumatir ba ne, shekarunki kike bayarwa. Kada ki saya a hannun wanda ba za ki iya komawa gidansa ba. In mangwaro ne ko lemo aka ce mai aure ne, ki duba ƙasa-ƙasa a jikin sandar, za ki ga tabo inda aka haɗa biyun. In babu tabo, ki ajiye masa kayansa. In da hali ki ɗanɗani 'ya'yan uwar kafin ki karɓi ɗiyar. Duk dashen da ya zo daga nesa, ki wanke saiwarsa, ki ajiye shi a tukunya can gefe ya yi wata guda kina kallonsa kafin ki haɗa shi da na gida. Kuma kada ki wahalar da kanki a kan abin da ƙasar ba ta so. Abin da take so yana da yawa: fiya, gwaba, lemo, gwanda, ayaba, da kabeji da karas idan sanyi ya shigo. Fiya ta fi kowa jin daɗin wurin, amma ki dasa ta a kan tudu, nesa da bango, ki yi mata rumfar ciyawa tana ƙarama. Ki yi hankali da gara, tana da yawa a jar ƙasa. Kada ki binne ɗanyen kashin shanu a gindin dashe, kiran ta kike yi. Ki bari ya ruɓe tukuna, ki riƙa barbaɗa toka a kewaye. Shanu kuma suna ratsa unguwa da rani, in ƙofa ta kwana a buɗe sau ɗaya aikin shekara ya tafi.

Yanzu zan gaya miki abin da na yi wa Innarki, wanda ba na jin ta taɓa gaya miki.

Daga shiga gida, hannun dama, nan ta yi nata wurin. Akwai zogale, akwai rama da lalo da kuɓewa, akwai yakuwa wadda mutanen can ke ce wa folere, da barkono, da lalle, da ciyawar shayi. Ba a jere suke ba, kowa ya fito inda ya ga dama, kuma ni a idona wurin kamar juji yake. A lokacin nakan kai takardu gidan babban mai kula da motocinmu, in ga ciyawa shimfiɗe kamar darduma, da furanni ja da fari a layi. Sai na fara jin kunyar ƙofar gidana. Da Innarki ta tafi Garwa bikin ƙanwarta, ta ɗauke ki a goye, na samu kwana huɗu ba tafiya. Na tuge komai. Na sare zogalen, na tone saiwarsa, na baje wurin, na dasa fure mai ƙaya irin na gidan mutumin, na jera farin dutse a gefe. Ina ta murna, ina jiran ta zo ta yaba.

Ta shigo da la'asar, ta sauke kayanta daga ka, ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Malam, ina zogalen?" Na ce ai zogale ko'ina akwai shi, sanda ɗaya za a soka ya fito. Ta ce, "Wannan daga gidan Inna na yanko shi, ranar da za a kawo ni." Mahaifiyarta ta rasu shekara guda kafin nan, gidan kuma an sayar. Na sani, amma ban taɓa tambayar ta daga ina zogalen ya fito ba. Ta kwance ki daga baya, ta shiga ɗaki. Washegari na ga tana kaftu bayan madafa, wuri matsattse, ta sake shuka abin miyarta da irin da Dada Asta ta ba ta.

Ba a yi shekara biyu ba abubuwa suka taɓarɓare a ƙasa, shekarun nan da ake ce wa kiriz. Kaya suka ragu a tasha, aka jingine motoci, aka ce mu zauna gida sai an neme mu. Wata da watanni ina zaune. A wannan lokacin daga bayan madafar nan muka ci. Yau miyar rama, gobe lalo, jibi kwaɗon ganye, ga dankali ga masara. Ba ta taɓa buɗe baki ta tuna mini ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Wata safiya na ɗauki fartanya na fara tuge furannin da kaina. Ta fito ta ce, "Bar guda ɗaya. Uwani tana son ƙamshinsa."

Ba na ce kada ki shuka fure ba. Can fure yana yin kyau fiye da ko'ina da na sani, kuma ido ma yana da hakki. Amma ki fara da tukunya. Albashin gwamnati yakan makara, kin gani a gidajen mutane, ganyen da ke bayan madafa kuwa ba ya jiran ƙarshen wata. Sannan duk abin da kika tarar wani ya shuka, ko Malam Bello ne ya soka wani abu da kike ganin ba shi da fasali, kada ki tuge sai kin tambayi daga ina ya fito. Shi ma ki gaya masa haka game da naki, tun yanzu, da murya mai laushi.

Abin da ya rage shi ne mafi nauyi, kuma saboda shi ne na kasa amsa miki a tasha.

Kin riga kin ga itatuwan zaiti guda bakwai a jikin bangon gabas, dogayen nan masu ƙamshin ganye da ake ce wa kaliptus. Ni na dasa su, a cikin zaman banzan nan da na gaya miki. Na ga ana neman sandunansu don rufin ɗaki, na ji an ce suna girma da sauri, ba sa son wahala, gara ba ta damunsu sosai. Na ce ga abin da zai riƙe gida ko mota ba ta tashi ba. A bayan wannan bangon, taku kaɗan, rijiyar Malam Hamadu take. Mahaifinsa ne ya haƙa ta. Ba ta da zurfi, amma ba ta taɓa ƙafewa ba. Mu ba mu da rijiya, don haka tun farkon zuwanmu ya buɗe wata 'yar ƙofa a tsakaninmu don Innarki ta riƙa ɗiba ba sai ta zagaya ba. Da ruwan rijiyar nan Dada Asta ke yin salat da kabeji da rani tana kaiwa kasuwa, da shi suke riƙe gidansu. Da shi Innarki ta yi wankan jego da ta haife ki.

Ranar da nake dasawa ya leƙo ta ƙofar, ya ɗauki dashe ɗaya ya murza ganyen ya shinshina. Ya ce, "Direba, wannan ba itacen gida ba ne. Ba ya ƙoshi da ruwa, kuma ba abin da ke fitowa a ƙarƙashinsa. In kana so, ina da gona bayan gari, ka dasa a can ko ɗari ne, ba zan karɓi komai ba." Ni kuwa lokacin zuciyata a cushe take. Ga ni mutumin da ya saba fita da mota ya dawo da kaya, yau ga shi matarsa ke ciyar da shi da ganye. Sai na ji maganar kamar ana nuna mini ban iya komai ba. Na ce, "Malam Hamadu, na gode, amma filin nan saye na yi, ba aro ba." Ya ajiye dashen a hankali, ya ce, "Haka ne," ya koma.

Shekara uku ba a ga komai ba, har ina yi masa dariya a zuci. Aiki ya ɗan dawo, na koma hanya. A ta huɗu, rani bai yi nisa ba guga ya fara taɓo laka. A ta biyar rijiyar ta ƙafe tun sanyi bai gama fita ba. Da suka shiga yasa, sai ga saiwoyi ja sirara sun huda bangon rijiyar sun yi tabarma a ciki. Malam Hamadu ya aiko a kira ni in gani, na ce ina da tafiya. Lambun Dada Asta ya bushe. Ta koma ɗebo ruwa a rafi, can gangare, don ta ceci ko kunya biyu. Innarki ma can ta koma. Wata safiya Dada Asta ta zame a kan dutse da tulu a ka, ƙugunta ya goce. Aka yi ɗori bai kama daidai ba. Tun daga nan ba ta sake tafiya ba sanda ba. Ita ce matar da ke goya ki idan Innarki na daka.

Bayan wannan Malam Hamadu ya zo da mai unguwa, suka zauna a zaurena. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ƙara na kawo ba. Roƙo na zo yi. A sare su, ni zan nemo masu sara, itacen naka ne." Na ce wani ma'aikacin gona ya gaya mini ruwan sama ne ya ragu ko'ina, ba laifin itace ba ne. Gaskiya ne ya faɗa, kuma wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni na san ba don haka na ƙi ba. Na ƙi ne don in na sare, na yarda ke nan ni na karya matar. Mai unguwa ya ce ba zai tilasta mutum a cikin filinsa ba. Da suka fita na sayo bulo na toshe 'yar ƙofar nan. Innarki ta tsaya a bayana ina ɗora bulo, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Tsawon zamanmu, wannan ce magana mafi zafi da ta taɓa gaya mini. Ban juyo ba.

Shekarar da ta biyo na samu mota a Garwa muka taso, na zuba 'yan haya a gidan. Innarki ta zagaya ta ƙofar waje ta yi musu sallama, ta dawo idonta jawur. Ni ina cikin mota ina jira. Bayan shekara shida wani direba ya gaya mini a wurin shan shayi cewa Malam Hamadu ya rasu. Ban je gaisuwa ba. Sau nawa na ratsa Ngaundere bayan nan, ban taɓa karya kan mota zuwa unguwar ba. Itatuwan kuma ban taɓa sayar da ko sanda ɗaya daga cikinsu ba. Sau biyu 'yan haya suna aiko mini cewa saiwa na tsaga bango, in ce a bari zan zo.

Darasin da ke ciki ba shi da wuyar faɗa. Kafin ki dasa babban itace, ki tsaya a wurin ki duba har inda inuwarsa za ta kai nan da shekara ashirin, ki san saiwarsa za ta wuce nan, kuma ba ta san iyakar fili ba. Ki tambayi na gabas da na yamma kafin ki haƙa rami. In wanda ya riga ki zama a wuri ya ce kada ki yi, ko ba ki gane dalilinsa ba, ki dakata. In kuma kin riga kin yi kuskuren, ki gyara shi a shekarar da kika gane. Ni na ga yadda yake ƙara nauyi duk shekara har ya kai mutum ba ya iya bin wata hanya a cikin gari.

To ga roƙona, 'yata. Gidan na ba ki, amma wannan aikin nawa ne, a hannunki nake nema. Ki nuna wa Malam Bello takardar nan, ba na ɓoye masa. Ku nemo masu sara waɗanda suka iya, don itatuwan sun yi girma, kada su faɗa kan rufin kowa. A sare duka bakwai ɗin, kuma a tone kututturan, in ba haka ba da ruwan fari za su sake tohowa. Itacen duka a kai gidan Malam Hamadu, ko reshe ɗaya kada ya kwana a naku. Ban sani ba ko rijiyar za ta dawo, ban ma sani ba ko tana nan ko an cike ta. Ko an cike ta a sare.

An tabbatar mini Dada Asta tana da rai, tana gidan tare da autanta da iyalinsa. Kafin a sa gatari, ki je ki gaishe ta. Kada ki aika, ki je da ƙafarki, ki durƙusa, ki ce ke ce Uwani 'yar direba. Ki gaya mata na ce Malam Hamadu ne mai gaskiya, tun ranar farko na sani. Ki ce ina neman gafararta, da ta marigayi ta bakin 'ya'yansa. Kada ki ƙara komai don ki gyara ni, kada ki ce ai lokacin wahala ne. Maganar ƙofar da na toshe kuma ki bar mata, in ta ce a buɗe a buɗe, in ba ta tayar ba kada ki tayar.

In ta ce in zo, ki kira ni ko wane lokaci ne, zan hau motar safe. In ta yi shiru, kada ki matsa mata, tana da hakkin yin shirun. Ki ci gaba da gaishe ta kamar yadda ake gaishe da uwa, ki kai mata farkon abin da lambunki ya bayar.

Allah ya sa albarka a hannunki da abin da zai fito daga ƙasar gidan nan. Allah ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku, ya kare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na zuciya, ya ji ƙan Innarki da Malam Hamadu, ya sa kabarinsu ya fi gidajensu sanyi. Ki gaishe da Malam Bello da kyau. Ki riƙa sa rigar sanyi da asuba, jikinki na Garwa ne.

Ina sauraron abin da za ta ce.

Wassalam,
Mahaifinki.